Ta yaya zan samu taron masu taimakon juna kan daina shan giya a kusa da ni?

Mai tambaya ya ce ya shekara 11 yana shan giya, yanzu kullum sai ya sha, kuma idan ya tashi da safe hannunsa yana karkarwa har sai ya kurɓa. Sau uku yana dainawa da kansa, mafi daɗewar da ya yi wata biyu ne ya koma ruwa. Ya ji ana cewa akwai taron da waɗanda suka daina suke haɗuwa suna taimakon juna. Yana so ya san yadda zai samu irinsa a kusa da shi, amma yana tsoron ya je ya ci karo da idon sani.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Zan yi maka bayanin yadda ake neman taron dalla-dalla, amma akwai magana ɗaya a cikin tambayarka da ta tsaya mini a rai, dole in fara da ita: karkarwar nan ta safe.

Hannun da ke rawa da safe ya lafa bayan an kurɓa alama ce ta cewa jikinka ya riga ya dogara da barasa. Barasa tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta shekara tana shan wannan danniya sai ta ƙara wa kanta wuta domin ta daidaita. Ranar da aka janye barasar farat ɗaya, wutar nan ta rasa mai danne ta. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara ganin karkarwa, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma, kaɗan daga cikin masu dainawa sukan faɗa wani mummunan hali na ruɗewa, da gane-gane, da zazzaɓi, da bugun zuciya da sauri, kuma wannan yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Wanda ya sha dainawa yana komawa, kamar kai, haɗarinsa yakan ƙaru a kowane zagaye. Don haka ina roƙonka kada ka yanke sha dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ka je wurin likita ka gaya masa gaskiyar abin da kake sha a rana, ba tare da ragi ba, domin da wannan lissafin zai auna maganin da zai ba ka. Akwai magunguna irin su diazepam da ake bayarwa na 'yan kwanaki ana rage su a hankali, tare da bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Kada ka saya da kanka, haɗa su da giya yana iya tsayar da numfashi. Idan kuwa ka ga jijjiga, ko ruɗewa, ko aman jini, ko tunanin hallaka kanka ya zo maka, a wuce da kai sashen gaggawa a lokacin.

Wannan ba ya nufin ka jira sai ka warke kafin ka je taro. Kana iya zuwa tun a makon nan, ko da jiya ka sha. Likita zai raba ka da barasar cikin kwanaki ba tare da ta yi maka illa ba, mutanen taro kuma su ne za su zauna da kai a watanni da shekarun da ke biye, lokacin da kai da kanka ka ga inda abin yake kayar da kai.

Mafi yaɗuwa a cikin ƙungiyoyin nan ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Ta faro ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da daina sha, ya je garin kasuwanci, cinikin ya rushe, sha'awar giya ta taso masa a otal. Maimakon ya shiga mashaya, sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa gamawa da shi. Abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne, Wilson ya nemi Smith ne domin ya ceci kansa. Har yau haka tsarin yake: wanda ya shekara goma bai sha ba yana buƙatar sabon zuwa kamar yadda sabon zuwa yake buƙatarsa. Don haka idan ka shiga ɗakin, kada ka ji kamar ka zo roƙon alfarma. Ƙungiyar tana cikin ƙasashe kusan 180 a yau. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato son daina sha. Ba a cike fom, ba a biyan kuɗin rajista, ba a neman cikakken sunanka. Akan zagaya da ɗan kwando domin kuɗin hayar ɗaki, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba.

To, yaya ake samunta? Hanya mafi sauri ita ce wayar da ke hannunka. Rubuta sunan ƙungiyar da sunan garinku a Google. Idan bai fito da komai ba, sa sunan babban birni mafi kusa, sannan sunan ƙasarku. Babban shafin ƙungiyar, aa.org, yana da wurin da ake neman ofisoshinta ƙasa-ƙasa. Akwai kuma manhaja kyauta mai suna Meeting Guide da ke nuna tarukan da ke kusa da inda mutum yake tsaye, da ranaku da lokuta, sai dai ta fi cika a ƙasashen da ƙungiyar ta yi ƙarfi. Idan ba ta nuna maka komai ba, hakan bai tabbatar da cewa babu taro a garinku ba, domin tarurruka da yawa ba su taɓa shiga wani jeri a intanet ba.

Shi ya sa hanya ta biyu ta fi amfani a wurare da dama, wato tambayar mutanen da mashaya ke bi ta hannunsu. Likitan da za ka gani kan karkarwar nan, ka tambaye shi kafin ka tashi daga kujera. Idan bai sani ba, nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti mafi kusa, ka tambayi nas ko jami'in walwala na sashen. Su suka fi kowa sanin wane taro ne yake raye, wane ne ya mutu. Cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye ma sukan ba da ɗaki ana taro a cikinsu, kuma sau da yawa na waje yana iya shiga ba sai an kwantar da shi ba. Wasu wuraren ibada da ɗakunan taron unguwa suna ba da aron wuri, ba tare da taron ya zama nasu ba. Haka nan idan ka samu taron Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu daina ƙwaya da aka kafa a 1953, kada ka wuce shi. A wurinsu barasa ma ƙwaya ce, za su karɓe ka, kuma galibi sun san inda 'yan AA suke zama.

Duk lambar da ka samu, ka kira kafin ka tafi. Jerin intanet yakan tsufa: a canza rana, a canza ɗaki, ko taron ya watse ba a goge shi ba. Na ga mutanen da suka tara ƙarfin hali na makonni, suka je suka tarar da ƙofa a kulle, suka juya ba su sake gwadawa ba, kuma abin yana ba ni takaici ƙwarai domin kiran minti biyu zai hana shi. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce, "Ina da matsalar sha, ina so in zo taro, yaushe ne kuma a ina?" Wanda zai ɗauka kusan kullum shi ma tsohon mashayi ne. Kana iya roƙonsa wani ya tare ka a bakin ƙofa, abu ne da suka saba yi.

A jerin tarurruka za ka ga iri biyu, wani lokaci da harafin O ko C a gefe. Mai O buɗaɗɗe ne, kowa yana iya zuwa, har da iyali da ɗalibai da ma'aikatan lafiya. Mai C rufaffe ne, ba mai shiga sai waɗanda ke son daina sha. Tunda tsoron idon sani ne ke damunka, fara da rufaffe.

Bari in daɗe kaɗan a kan wannan tsoron, domin shi ne yake hana mafi yawan mutane, ba rashin adireshi ba. Ka yi tunani: idan ka shiga rufaffen taro ka ga wanda ka sani, me ya kawo shi? Abin da ya kawo ka. Sirrinka yana hannunsa, nasa yana hannunka, kuma ya riga ka sanin nauyin wannan kunyar. A yawancin tarurruka ana tunatar da mutane cewa wanda aka gani da abin da aka ji a ɗakin a bar shi a ɗakin. Ba zan yaudare ka ba, wannan alkawari ne na mutunci tsakanin mutane, ba doka ce irin wadda ta ɗaure likita ba, kuma ɗan Adam ajizi ne. Saboda haka ka yi amfani da sunanka na farko kawai, ko wani sunan da ka zaɓa. Kada ka faɗi wurin aikinka. Abin da ya shafi shari'a ko sirrin wani, ka ajiye shi sai ka samu mutum ɗaya da ka amince da shi. Idan garinku ƙarami ne, ba laifi ka fara da taron wata unguwa mai nisa ko garin da ke kusa. Amma ka sa a ranka cewa taron da zai yi maka amfani shi ne wanda za ka iya zuwa ranar da ka gaji, ranar da ake ruwa, ranar da ranka ya ɓaci. Mai nisan awa biyu yana da daɗi a makon farko, a wata na uku sai ya zama uzuri. Sannan akwai wata gaskiya mai ɗaci da nakan gaya wa masu zuwa wurina: shan shekara 11 da wuya ya ɓoyu ga na kusa. Mai yiwuwa waɗanda kake tsoron su ji kana zuwa taro sun daɗe da sanin kana sha, kuma labarin taron shi ne zai fara faranta musu rai.

Ranar farko ba abin da za a tilasta maka. Taro yakan ɗauki awa ɗaya, wani lokaci da rabi. Wani daga cikinsu zai buɗe, a karanta 'yan takardu, sannan ko dai mutum ɗaya ya ba da labarinsa, ko a zagaya kowa ya yi magana 'yan mintoci. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, kowa kansa yake ba da labari. Idan aka zo kanka kana iya cewa yau sauraro ka zo yi. Shawarata ita ce ka isa minti goma kafin a fara, kuma kada ka yi wuf ka fita da an tashi. Hirar bakin ƙofa bayan taro ita ce inda ake musayar lambobin waya, kuma lambar da za ka kira ƙarfe goma na dare lokacin da ƙafarka ta fara jan ka zuwa inda ka saba ta fi duk abin da aka karanta a ciki amfani. Bayan 'yan makonni za ka ji ana maganar sponsa, wato wanda ya daɗe da dainawa da za ka zaɓa ya riƙa yi maka jagora a matakai goma sha biyu da AA ta tsara wa mai son daina sha ya bi. Kai ne mai zaɓa, kuma kana da damar canzawa. Nemi wanda ya wuce shekara bai sha ba, wanda zamansa da mutane ya burge ka fiye da iya bakinsa.

Kada ka yanke hukunci da taro ɗaya. Kowane rukuni cin gashin kansa yake yi, shi ya sa biyu a gari ɗaya sukan bambanta kamar ba ƙungiya ɗaya ba. Wani cike yake da dattawa, wani matasa, wani shiru, wani raha. Gwada kamar shida, a wurare daban-daban idan akwai, kafin ka ce abin bai karɓe ka ba. Za ka ji wasu suna cewa a yi taro 90 cikin kwana 90. Al'ada ce ta baki, ba sharaɗi ba, amma hikimarta a fili take: lokacin da ka saba sha ya zama fili, kuma idan ba ka cike shi da wani abu ba giyar za ta dawo ta cike shi. Ka duba sa'ar da ka fi sha, ka nemi taron da ya faɗo a wannan sa'ar.

Akwai kuma alamomin da idan ka gani ka tashi ka nemi wani wuri. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗi kafin ka zauna, ko yake tallan wani maganin gargajiya ko wata cibiya, ya saɓa wa tsarin. Duk wanda ya ce ka zubar da maganin da likita ya rubuta maka, na damuwa ne ko na sha'awar giya, kada ka saurare shi. Ita kanta AA ta rubuta cewa kada ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Wurin da ake wulaƙanta wanda ya koma sha, ko ake kulle mutane, ko duka, ko ɗauri, wannan ba taimakon juna ba ne ko da wane suna aka sa masa. Mata kuma su yi hattara da tsohon ɗan taro da ke nuna kulawa ta wuce kima ga sabuwar zuwa. Abin yana faruwa, shi ya sa aka saba mace ta ɗauki mace a matsayin sponsa, kuma akwai tarukan mata zalla.

Wani abin da kan tsaya wa mutane shi ne batun imani. Matakan AA suna maganar miƙa lamari ga wani iko da ya fi ƙarfin mutum, suna kuma ambaton Ubangiji "kamar yadda muka fahimce Shi". Ƙungiyar ba ta ƙarƙashin wani addini, amma ta taso ne a cikin al'ummar Kirista, kuma wasu rukunoni suna rufewa da addu'ar da ta fito daga can. Ba dole ba ne ka bi, kana iya yin shiru ko ka yi taka a zuci. Musulmi da yawa suna cikinta ba tare da sun ga ta taɓa aƙidarsu ba. Wanda ya fi son tsarin da aka gina kan Musulunci, akwai Millati Islami, da aka kafa a birnin Baltimore a 1989, wadda ta sake tsara matakan goma sha biyu bisa koyarwar addinin, kuma tana da tarurruka ta intanet. Wanda kuma ba ya son a haɗa da maganar imani sam, akwai SMART Recovery, da ta fara a 1994. Ita dabarun ilimin halayyar ɗan Adam take koyarwa: yadda za ka gane abin da ke tayar maka da sha'awa, yadda za ka jure ta har ta wuce, yadda za ka tuhumi tunanin da ke ce maka "kwalba ɗaya ba komai". A can ana tattaunawa kai tsaye, akwai mai gudanarwa da aka horar, babu sponsa. Ba haramun ba ne ka haɗa biyu, mutane da yawa suna yi.

Idan ka bincika duk ka rasa na ido da ido, intanet ta rage wannan matsalar sosai, musamman tun 2020 da annobar korona ta tura dubban tarurruka kan Zoom. Shafin aa-intergroup.org yana da jerin tarukan intanet da ake yi dare da rana, cikin harsuna da dama, SMART Recovery ma tana da nata. Kana iya kashe kyamara ka saurara kawai. Sa abin ji a kunne, ka nemi wurin da ba za a ji ka ba. A ganina na ido da ido ya fi, domin fita daga gida da zama cikin mutane shi kansa magani ne ga wanda sha ya ware shi, kuma yana da sauƙi mutum ya buɗe Zoom da kwalba a gefensa. Amma wanda ake yi ta waya ya fi babu nesa ba kusa ba. Ka zaɓi guda ɗaya ko biyu ka riƙa komawa har su san muryarka, su lura idan ba ka zo ba. Nan gaba kuma, idan ka samu ƙafa, ka sani cewa a ƙa'idar AA mutum biyu ko uku da suka haɗu domin su daina sha sun isa su kira kansu rukuni. Tarurruka da yawa haka suka fara, da mutum biyu da ɗakin aro.

Za ka so ka san ko abin yana aiki. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken lafiya, ta fitar da nazarin bincike 27 da suka ƙunshi mutum fiye da 10,000. Ta gano cewa shirye-shiryen asibiti da ke haɗa majiyyaci da AA bisa tsari sun kai kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka cika shekara ba su sha ko kaɗan ba, sauran hanyoyin jiyya da aka gwada su da su kuma kusan kashi 35. Ka dubi lambobin da kyau. Sun nuna taron yana da amfani na gaske, sun kuma nuna fiye da rabi sun sake kurɓa a cikin shekarar, ko da wace hanya aka bi. Shi ya sa ba na son a ɗora wa taro dukkan kaya. Ka tambayi likitanka game da naltrexone da acamprosate, magunguna ne da ke rage sha'awar giya da yawan komawa, kuma ba sa sa maye. Idan akwai baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba, ko rashin barci da ya riga shan, a yi maganinsa shi ma, in ba haka ba shi zai riƙa mai da kai.

Iyalinka ma suna da nasu wurin. Al-Anon, da aka kafa a 1951, ta mata da miji da iyaye da 'yan'uwan mai sha ce, akwai kuma Alateen ta 'ya'ya matasa. Ana nemansu ta hanyoyin da na faɗa a sama, kuma suna iya zuwa ko kai ka fara naka ko ba ka fara ba.

Sai wata biyun nan da ka taɓa yi. Ka ambace su kamar shaidar gazawa, ni kuwa a cikin tambayarka duka su suka fi ba ni ƙwarin gwiwa, domin ka yi su ne kai kaɗai, ba likita, ba magani, ba wanda za ka kira. Kafin ka je taron farko, ka zauna da takarda ka rubuta abin da ya faru a makon da ka koma: wa ka haɗu da shi, me ya ɓata maka rai, kuɗi ne suka shigo hannunka, ƙarfe nawa ne, ina ka bi ka wuce. Yi haka ga duk karo ukun. Da wuya ka rasa abu ɗaya da ya maimaita kansa. Idan kuma aka yi rashin sa'a ka sake kurɓa bayan ka fara zuwa, ka sani jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da, yawan da kake sha a baya yana iya kai ka asibiti. Ka kira ɗaya daga cikin lambobin nan a daren, ka koma taro na gaba ka faɗa musu, ka kuma sanar da likitanka idan shan ya ɗauki kwanaki kafin ka sake tsayawa.